Kyautar da Ta Ƙi Hawa Injin Baba

Jama'a ku gyara zama, yau ba doguwar gaisuwa, don cikina fal yake da magana. Waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce Tahira, 'yar Malam Balarabe mai gyaran injin ban-ruwa, a wani ƙauye can bayan Minjibir, inda in ka fito ƙofar gida ba abin da za ka gani sai gero da dawa da gyaɗa har inda idonka ya tsaya. Wanda zan aura kuwa Fatihu ne, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, dogo, baƙi, mai wushirya. In ya yi dariya sai in nemi fushin da na zo da shi in rasa. Juma'ar nan aka tsayar manyansa za su zo sa rana. Ku riƙe wannan Juma'ar a ranku, don ita nake ta tattali kamar ƙwai.

To amma a gidanmu akwai wata 'yar gata da ta girme ni, kuma ta fi ni fada wurin Baba. Mota ce.

Baƙa ce wuluk, ƙofa biyu, gabanta dogo, har Inna takan shanya kuɓewa a kan bonet in Baba ya tafi gona. Ƙirar Amurka ce, silinda takwas, mai injekta. Wani Baturen injiniya da Baba ya yi wa direba tun yana saurayi shi ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Lokacin da take da rai, in Baba ya murza makulli kajin unguwa sai sun watse, shi ya sa mutanen gari suka sa mata Mai Gurnani. Wata rana ta ɗau zafi a hanyar dawowa daga ɗaurin aure, wani kawuna, don son taimako, ya ɗebo ruwan rijiya mai sanyi ya ɗura mata. Nan take kawunan injin duka biyun suka tsage, waɗanda makanikai ke ce wa tof silinda. Tun daga ranar take ƙarƙashin rumfar kara a ƙofar gida, Baba yana haɗa ta a hankali. Bana fistin, baɗi ringi. Ni ce mai miƙa sifana tun ina firamare, don haka duk abin da zan gaya muku ba jita-jita ba ne, hannuna ya sha baƙin mai a kansa.

Komai ya haɗu, kawunan nan kaɗai suka rage.

Wata rana a wurin zance Fatihu ya kalli rumfar ya ce, "Wai ni me ya hana mutuniyar Baba tashi?"

Na ce, "Kawunan inji."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan fa," na ci gaba da ɓare gyaɗata. Ashe bawan Allah ya ƙulle maganar a ransa.

Ranar Litinin bayan La'asar na ci ado, atamfa koriya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, mayafi ruwan madara, na ɗan shafa humrar Inna a ɓoye. Ina cikin gyara ɗankwali saƙonsa ya shigo: "Gimbiya fito, yau ba wurinki na zo ba." Na tura masa: "To ka koma." Ya turo fuskar nan mai dariya da hawaye har uku.

Da na fito sai na gan shi tsaye jikin a-kori-kurar da ke kai masa buhuna kasuwa, cikin shadda ruwan toka mai sitaci, hula ta zauna daram, amma hannun rigar duk tsatsa. A bayan motar kwalaye biyu ne ɗaure da igiya.

"Na Baba ne," ya ce yana washe baki. "Kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na shiga, na ce a ba ni kan injin motar Amurka mai silinda takwas. Mutumin ya ce duk silinda takwas ɗinsu uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ki kai masa."

"Kai da ka sayo ba za ka kai ba?"

"Rufa min asiri, Tahira. Ni in tsaya gaban Baba in ce ga shi?"

Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Tunda maganar aure ta shiga, Fatihu bai ƙara haɗa ido da Baba ba. In sun haɗu a hanyar masallaci, durƙusawa yake tun daga nesa, kansa a ƙasa, Baba kuma ya amsa yana kallon bishiyar darbejiya. Duk maganar da za ta wuce "ina wuni", ta bakina take bi.

Shi da direbansa suka sauke kwalayen bakin rumfa, Fatihu ya yi wuf ya koma bayan mota ya laɓe. Na shiga na kira Baba.

Baba ya fito da carbinsa, ya tsuguna, ya kwance igiya. Da ya ɗaga murfin kwalin sai na ga fuskarsa ta yi haske irin wanda rabon da in gani tun ranar da na gama makaranta. Ya shafa ƙarfen da tafin hannu. Sai hannun ya tsaya. Ya leƙa, ya karkata kai, ya sake leƙawa. Ni ma na leƙa, nan take na ga abin da ya gani.

Bari in yi muku bayani a gurguje, kada 'yan mata su gudu. Tsakanin kawunan inji biyu akwai wani ƙarfe na alminiyon da ke zama a kansu, shi ke raba musu iska da mai, a jikinsa injektocin da ke fesa mai suke. Sunansa manifol. Notuna ne ke ɗaure shi da kawunan. A injin Baba ramukan notunan tsakiya da kwanciyarsu daban suke. Na kawunan da Fatihu ya kawo kuwa sun kalli wani gefen, don na tsohon inji ne mai kafireta, wanda aka yi kafin zamanin injekta. A ido kamar tagwaye, a jikin bulo, wato gangar injin, za su zauna lafiya lau, amma manifol ba zai ɗauru a kansu ba. Ga ɗakin da mai ke ƙonewa ya fi na asalin faɗi, ko an tilasta ta tashi, Mai Gurnani za ta koma mai tari.

Na ce a hankali, "Baba, ai ba irinsu ba ne."

Bai ɗago ba. "Ki ce masa Allah ya yi albarka. Sun yi."

"Baba, dubi ramukan..."

"Sun yi, na ce."

Na ja ƙafa na zagaya bayan a-kori-kura. Fatihu yana ta murza hannu kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Me ya ce? Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya yi albarka."

"Sun yi?"

Na kalli wushiryar nan. Na ce, "Ya ce sun yi." Ku shaida, ban yi ƙarya ba, abin da Baba ya faɗa na maimaita.

Yana tafiya na faɗa madafi. Inna tana tuƙa tuwon dawa, hayaƙi ya cika mata ido, zaninta ɗaure a ƙirji. Na zayyana mata komai, na ƙare da cewa abu mai sauƙi ne, a mayar wa Fatihu ya kai a canza.

Muciyar ta tsaya cak.

"A mayar? A mayar da me?"

"Da kawunan mana, Inna."

"La'ilaha illallahu! Yarinyar nan kina da hankali kuwa? Ana saura kwanaki sa rana, a ga an fito da kwalaye daga gidan nan an loda a motar yaron nan? Kafin ya kai bakin titi gari ya ɗauka an mayar wa Fatihu kayansa."

"Inna ƙarfe ne fa, ba lefe ba."

"Wa zai buɗe kwalin ya duba? Matan da ke leƙe ta katanga? Ke ba ki san Hajiya Aina'u ba." Hajiya Aina'u ita ce mahaifiyar Fatihu. "Matar da aka mayar mata da kwanon cincin da ta aika gidan suna don sun ce ya yi yawa, ta shekara ba ta gaisa da su ba? Ki bar maganar ƙarfe. Sa'o'inki duk suna ɗakunansu, wasu da goyo, ke kina nan kina ƙirga min ramin noti. In kika buɗe baki kafin Juma'a, ni da ke ne."

"To motar Baba fa?"

"Ta shekara nawa a kwance? Ta ƙara mako ba za ta mutu ba. Miƙo min kuka."

Na miƙa mata. A raina na ce ai kuwa Inna ta yi gaskiya, a lallaɓa Juma'a ta wuce, daga baya a san dabarar yi. Har na ci tuwo na ƙara.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Fatihu da zumuɗinsa. Washegari da hantsi saƙo ya shigo:

"Baba ya ɗaura?"

"Bai fara ba."

"Na gaya wa su Baffa fa, ranar Juma'a in sun zo za su ji kukanta da kunnensu."

"Wa ya aike ka???"

"Ai abin alfahari ne. Har Hajiya ta ce a ɗauko mata a waya ta ji."

Na ajiye wayar na dafe kai. Kafin azahar kuma maganar ta zaga gari, don direban a-kori-kurar nan bakinsa ba ya rufuwa. Duk wanda ya wuce ƙofar gida sai ya ce, "Malam Balarabe, an ce suruki ya tashi Mai Gurnani!" Baba ya yi murmushi ya ce, "Da yardar Allah."

Ranar Laraba na kai masa kunun tsamiya rumfa, na tarar ya ɗora kawunan a kan bulo, ya ɗaure su tsaf. Manifol yana kan tabarma a gabansa, ga magagari a gefe.

"Baba me za ka yi da magagari?"

"Ramukan zan ɗan faɗaɗa, notin ya samu hanya."

"Na kawunan?"

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "Kayan mutane zan sa wa magagari? Nawa zan ci."

"Baba, alminiyon ne fa, wurin ba kauri. In ka ɗaure noti a karkace..."

"Ke, Mamana." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa min. "Yaron nan ya bar kasuwarsa, ya shiga cikin baƙin mai da shaddarsa saboda ni. Ya gaya wa iyayensa. In suka zo Juma'a suka tarar da ita shiru, wa ya ji kunya? Ni na saba da dariyar mutane a kan motar nan. Shi bai saba ba."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duk a lokaci guda.

Yammacin ranar mai lalle ta zo, Inna ta sa aka zana min baƙi da ja har gwiwar hannu saboda baƙin Juma'a. Ina zaune hannuwa a sama kamar wadda aka yi wa fashi, ina jin ƙarar magagari daga waje, ƙurr, ƙurr, ƙurr. Kowane ja ɗaya kamar a haƙorina. Inna tana ta lissafin wainar da za a soya, ni kuwa ina tuna yadda Baba ke goge manifol ɗin nan da tsohon rawaninsa duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci.

Da asubar Alhamis, ina idar da salla, na ɗau waya. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na danna kira.

"Gimbiya da sassafe haka? Ko kewata ce ta hana ki barci?"

"Fatihu, kawunan nan ba su yi ba."

Ban jira amsarsa ba na ɗora:

"Ba na injin Baba ba ne. Na mai kafireta ne. Tun ranar ya gani, kunyarka ta hana shi faɗa. Yanzu haka nasa kayan yake ci da magagari don naka su zauna."

"Tun Litinin?" Muryarsa ta canza. "Tahira, tun Litinin kuka bar ni ina yawo ina cika baki?"

"Inna ta ce in aka mayar maka za a ce..."

"A ce mana! Ki hana shi taɓawa. Ga ni nan."

Na fito da gudu ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Inna ta bi ni da ido daga bakin murhu. "Ke, me kika yi?" Ban tsaya ba. A rumfa na tarar Baba ya riga ya ɗora manifol, yana ta gwada notuna.

"Baba ka dakata, Fatihu yana hanya."

"Wa ya kira shi?"

Na sunkuyar da kai.

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To bari in gama kafin ya iso, ya tarar an ɗaure, magana ta ƙare." Na yi magiya, na yi roƙo, har na ɓoye sifana mai lamba sha huɗu a bayan zanina. Ya miƙo hannu kawai. Na ba shi.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga ƙarar babur ta hanyar gonakin gero. Fatihu ne, ba shadda, ba hula, riga ce ta shan iska duk ƙurar buhu, da silifas. Ya jingine babur ɗin ko tsayawa bai gama yi ba. Daidai lokacin Baba ya sa sifana a notin tsakiya na ƙarshe ya ja.

Ƙas!

Ƙarar ba ta fi ta karyewar kara ba, amma duk mun ji ta. Kunnen manifol ɗin ya tsage tun daga ramin noti har cikin hanyar iska. Baba ya tsaya da sifana a hannu yana kallon wurin. Ya sa babban yatsa ya shafa tsagar, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai ya juya wajena, ba wajen Fatihu ba. "Ki ce masa ba komai. Dama ya tsufa."

Ban kai ga buɗe baki ba Fatihu ya wuce ni. Ya shiga har cikin rumfa, ya durƙusa gaban Baba, kuma jama'a, ya ɗago ido ya kalle shi. Inna da ta biyo ni da ludayi a hannu ta ce, "Yau na ga ikon Allah."

"Baba, ni na yi kuskure. Ban tambaya ba na je na sayo. Ka gafarce ni."

Baba ya juya ya kalli darbejiya, darbejiya ba ta cece shi ba. Ya ce, "Tashi, tashi. Ba laifinka ba ne."

"Ana samun irinsa?"

"Kai, da wuya. Irin motar nan ba su shigo ƙasar nan da yawa ba. Walda kuma ba ta riƙe wurin nan, iska zai riƙa sha."

Da Fatihu ya tsaya nan, da yanzu labarin waina nake ba ku. Amma ina! Idonsa ya kawo ruwa, ya dafa ƙirji ya ce:

"Wallahi tallahi, Baba, ba za a sa ranar aurena ba sai na kawo maka manifol da kawunan da suka dace, motar nan ta tashi. Ko Legas ne zan je, ko Kwatano. A cikinta za a kai Tahira ɗakinta."

Ludayin Inna ya faɗi ƙasa.

Na ce, "Fatihu!"

Inna ta ce, "Yaro, mayar da wallahin nan! Malam, ka ce ya mayar!"

Ni ina jiran Baba ya ce haba, wace irin magana ce wannan, gobe fa baƙi za su zo. Na zuba masa ido, Inna ta zuba masa ido. Sai ya kamo hannun Fatihu ya tashe shi tsaye, ya ce, "Zo nan, ɗana. Zo in nuna maka inda lambar take, don kada su sake yi maka wayo. Ka ga, murfin bawul za ka fara dubawa. Namu notunansa a tsakiya suke, waɗannan a gefe. In ka cire murfin, lambar tana nan a ƙasa."

"A nan, Baba?"

"A'a, matso. Sa hannunka nan."

Mutanen da suka yi wata da watanni ba su haɗa ido ba, ga su kai da kai a cikin inji, kafaɗa tana gugar kafaɗa, suna magana kamar tare suka tashi. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, har hawaye ya zubo min. Kuma wallahi na ji kamar in ɗau sifanar nan in rafka wa kowannensu ɗaya.

Inna ta raɗa min, "Kin ga abin da bakinki ya jawo ko? Shinkafar waina tana jiƙe."

Fatihu ya zaro wayarsa daga aljihu ya miƙo min ta baya, ko waiwaye bai yi ba. "Tahira, ɗan haska mana nan, lambar ba ta fita."

Na karɓa da hannuna mai lalle, na kunna fitila, na haska musu. Baba yana karanto lambar, Fatihu yana maimaitawa. Sai wayar ta hau ruri a tafina. Na duba fuskarta, an rubuta "Hajiyata", ga kuma saƙonta da ya riga ya shigo a sama: "Goro da alawa sun iso. Gobe ƙarfe nawa za mu ce wa su Baffanka?"

Na ce, "Fatihu, Hajiya ce."

Wayar tana ta kuka a hannuna, Inna tana kallona, ni ina kallon ƙeyarsu. A cikin su biyun ba wanda ya ɗago.